Benen da Abba Ya Daina Hawa

Taman Melati, Kuala Lumpur
Alhamis, Oktoba 2020

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kin tashi lafiya. Ya ƙarfin jiki, ya kwanan Hanan? Na san za ki yi dariya ki ce wace irin gaisuwa ce wannan, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, yanzu ma ina jiyo ki kina yi mata wasa. Haka na ga ana fara wasiƙa a littattafan da Gwaggo Fatsuma ta bar mini, ban san wata hanyar ba. Kuma kin san halina, in na zo gabanki da magana sai ta maƙale, har ki gaji ki ce in zan faɗa in faɗa, tuwonki zai kama.

Umma, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da gida a Amurka. Wallahi haka nake ji a raina, nawa ne. Gidan nan da Abba yake aiki a ciki, wanda kike kira kangon Turawa.

Lokacin da ya tafi a watan Fabrairu da cewa sati shida zai yi, ya ga yadda suke gyaran yaɓen tsofaffin gidaje saboda karatunsa, ban damu da gidan ba ko kaɗan. Sai da aka rufe iyaka saboda annoba, ya rasa hanyar dawowa, mu kuma aka kulle mu a nan, sannan ya fara kirana duk Lahadi bayan Magariba. Can safiya ce, ma'aikata ba sa zuwa, sai ya zagaya da ni ta waya. Ranar farko kin leƙo, kika ga leda da ƙura da buhunan yashi, kika ce ke mijinki kike son gani ba bango ba, kika koma wajen girkinki. Ni kuwa tun ranar ban fito daga gidan nan ba.

Da kin tsaya kin gani, Umma. Daga bakin ƙofa akwai ginshiƙai farare, mutum biyu ba za su iya rungume ɗaya ba. Kana shiga sai wani makeken zaure, ƙasansa katako mai duhu, an shimfiɗa masa kwali don kar a ɓata shi. Fitilar gilashi mai rassa tana rataye a sama, an ɗaure ta cikin farin ƙyalle kamar amaryar da ba a buɗe wa kai ba. Kowane ɗaki da murhunsa na jin ɗumi. A wani ɗakin sun ɓare takardar bango, suka tarar da wata a ƙasa, suka ɓare ta, suka sake tarar da wata mai shuɗin fure. Abba ya ce duk amaryar da aka kawo gidan sai ta liƙa tata a kan ta uwar mijinta. Na yi ta dariya har Hanan ta farka.

Shi kuwa yaɓen kawai yake so. Sai ya kai wayar jikin bango ya ce in duba, gashin doki ne a ciki, da farar ƙasa da yashi. Ya ce kakansa magini da ciyawa yake kwaɓa tasa ƙasar, dabarar ɗaya ce, abin da zai riƙe ƙasa kar ta tsage ake nema. Ina cewa to, Abba, amma hankalina yana kan benen. Wani bene ne mai lanƙwasa da ya taso daga tsakiyar zauren ya nufi sama, abin dafawarsa ya yi sulɓi saboda hannayen mutanen da suka mutu tun tuni. Duk littafin da na karanta, a kan benen nan nake ajiye yarinyar ciki. Wani lokaci ni ce. Ina saukowa a hankali cikin leshi ruwan zuma, wani yana tsaye a ƙasa ya ɗago kai. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, kar ki tambaye ni. Kuma turarenki na cikin durowa da kika ce yana raguwa, ba Hanan ce ta zubar ba. Ni ce nake ɗan shafawa ranar Lahadi, don ba a shiga irin wannan gida haka kawai.

Na cika takarda ban kai ga abin da ya sa na ɗauki biro ba. Ga shi a taƙaice. Na san mai gidan da muke haya ya sayar da gidan, dole mu tashi, kuma na san wahalar da kika sha kafin Anti Hussaina ta samo mana wancan a rukuninsu. Amma don Allah, Umma, kar ki sa hannu a takardar hayar ranar Litinin. Hawa na huɗu ne, kuma babu lif. Na yi miki wannan maganar jiya kika ce raguwa ce ni, yarinya ƴar shekara sha shida tana tsoron matakala. Ba don kaina ba ne. Iya abin da zan iya rubutawa yau ke nan.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya mana Hanan.

Taki har kullum,
Hasna

Asabar

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar ɗazu, ya ƙafafun? Ina fatan kan ya daina sarawa, kuma kin sha maganin yamma. Wasiƙar ranar Alhamis tana nan cikin littafina, ban ba ki ba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarki da ita ina komawa.

Yau da muka je ganin sabon gidan na ga abin da ya sa kike son sa. Muka hau da takunkumi a fuska, kina hutawa a kowane hawa, Anti Hussaina tana gaba tana ce mana saura kaɗan, matan Kano ba ku da ƙashi. Da aka buɗe ƙofa kika wuce kai tsaye baranda, kika sauke takunkumin, iska ta ɗaga miki hijabi. Ga duwatsun Bukit Tabur can, hazo a kansu. Kika ce nan Abban Hasna zai sa kujerarsa, shi da yake ƙorafin gidan ƙasa babu iska, kika ce kar wanda ya gaya masa akwai baranda, ya zo ya gani da idonsa. Rabon da in ga haƙoranki haka tun kafin haihuwar Hanan. Sai na ce fitsari nake ji, na shiga banɗaki na kunna famfo. Kika ce na daɗe, na ce ƙura ce ta shiga idona.

Bari in faɗa yadda abin ya zo mini, ko zai fi sauƙin rubutuwa.

Kin tuna satin nan na watan Yuli da muka yi ta kiran Abba ba ya shiga, har kika kasa cin abinci? Da ya kira ya ce wayarsa ce ta faɗa bokitin farar ƙasa, an gyara amma kyamarar gaba ta mutu, sai dai murya. Kika yi masa faɗa, kika ce ya sayi wata, ya ce ai ya kusa dawowa. Lahadi da yawa suka wuce babu zagaye, ya ce an rufe gidan ana feshin magani. Da muka ci gaba a watan Satumba, sai na ga gidan ya canza. Komai ya yi tsawo. Mariƙin ƙofa da nake gani a ƙasa ya dawo daidai idona. Da can hoton yana rawa saboda tafiyarsa, ina jin takalminsa ƙwas ƙwas a kan katako. Yanzu babu rawa, babu ƙara, sai dai mu sulale daga ɗaki zuwa ɗaki. Kin san me na ce a raina? Na ce haka ake ji in ana tafiya cikin doguwar riga mai jan ƙasa. Har daɗi na ji, Umma. Wautata ta kai nan.

Kuma ya daina hawa sama. Akwai wani ɗaki a can da yake gyara silin ɗinsa tun zuwansa, mai zanen inabi da ganye, shi na zaɓa ya zama ɗakina. Duk Lahadi sai na ce Abba mu hau, sai ya ce an shafa wa matakalar mai bai bushe ba. Wani satin ya ce makullin yana hannun shugaban aikin. Har fushi na yi da shi, na ce ya daina sona.

Lahadi biyu da suka wuce muka shiga babban ɗakin taro. Akwai wani bango da tun farko yake rufe da falanki, ashe ma'aikata sun cire a cikin satin, shi bai sani ba. Madubi ne, daga ƙasa har sama, gefensa ruwan zinariya, ya yi ɗigo-ɗigon tsufa. Muna juyowa sai ga mutum a ciki.

Ban gane shi ba da farko. Na ɗauka wani tsoho ne ya shigo. Yana zaune a keke, irin na asibiti, ban son ɗaya sunan. An ɗaure wayar a jikin wani ƙarfe a hannun keken, hannayensa biyu suna kan tayoyin. Bargo a cinyarsa. Ƙafafunsa a jere a kan abin takawa, cikin safar nan mai ruwan toka da kika saƙa masa, sun kwanta gefe guda kamar ba nasa ba. Gemunsa ya yi fari, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bayansa, cikin farar ƙurar da ke ƙasa, ga layi biyu sun biyo shi tun daga ƙofa.

Ya kalli madubin, na kalle shi. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Ke kina falo kina yi wa Hanan wanka, ina jin ƙarar ruwa a baho. Can ya kira sunana a hankali, ya tambaye ni ko ƙofata a rufe take.

Ya ce daga kan dandamalin ƙarfen da magina ke hawa ya faɗo, a ɗakin nan nawa, yana gyaran silin. Bayansa ne ya bugu. Satin da muka rasa shi yana asibiti, an yi masa aiki. Masu gidan sun ɗauki nauyin maganin, sun bar shi a ɗan gidan mai gadi da ke bakin ƙofa saboda babu matakala, yana duba musu kwaɓi yana rubuta musu rahoto. Wani bawan Allah mutumin Nijar, Malam Kalilu, shi yake kawo masa abinci yana kai shi asibiti gashin ƙashi. Na tambaye shi zai tashi? Ya ce likita ya ce wataƙila. Na ce wataƙila e ko wataƙila a'a? Ya ce Hasna, wataƙila dai.

Sannan ya roƙe ni. Abba, Umma, ya roƙe ni, da don Allah da komai. Ya ce ke kaɗai ce da jaririya a ƙasar mutane, ga jininki da ya hau lokacin haihuwa har aka tsorata, ga shi ko kin ji ba ki da jirgin da zai kai ki, shi ma ba shi da wanda zai kawo shi. Ya ce me jin zai ƙara miki ban da kwanciya? Ya ce in bari ya miƙe, ya gaya miki da kansa yana tsaye, ku yi dariyar abin. Na yi masa alkawari. Ban san yadda ake ce wa Abba a'a ba, ban taɓa gwadawa ba.

Tun ranar nake zaune da ku biyu a ƙirjina. In kina waya da shi ina jin yana ce miki ya ɗan fita miƙe ƙafa, sai in tashi in shiga kicin. Na buɗe littattafan Gwaggo ko zan samu wadda ta shiga irin wannan, duk cikinsu sirrin na soyayya ne, kuma akwai wanda yake zuwa a shafin ƙarshe ya warware. Na je kedai, shagon unguwarmu, sayo madara na tsaya gaban kanta na manta abin da ya kawo ni, har matar ta tambaye ni boleh, wato lafiya dai? Na yi addu'a, na yi istihara yadda kika koya mini, ban ga komai ba sai madubin.

Gobe Lahadi. Zan roƙe shi ya gaya miki da bakinsa, ko ya ce kar ki karɓi gidan, ko da wani dalilin ne. In ya yarda, zan yaga waɗannan takardu, ba za ki taɓa sanin na rubuta ba.

Ki yafe mini shirun da nake yi miki kwanan nan, ba rashin kunya ba ne.

Ƴarki,
Hasna

Litinin da safe

Umma,

Assalamu alaikum, ina kwana? Ina fatan kin samu barci duk da rigimar Hanan. Na ji kin tashi tun Asuba kina guga.

Bai yarda ba.

Na gaya masa komai, hawa na huɗu, babu lif, matakalar ma ƴar siririya ce, ko katifa sai an karkata. Barandar ce kawai ban faɗa ba, tunda kin hana. Ya yi dariya irin wadda yake yi in ya ƙona shayi. Ya ce ai shi ke nan, ya samu abin da zai sa shi dagewa da gashi, in ya san akwai hawa huɗu suna jiransa dole ƙafar ta tashi. Na ce in ba ta tashi ba fa? Ya ce in bar uwata ta sa hannu, ta sha wahalar nema, kar in ɓata mata. Na ce Abba shekara biyu ne fa yarjejeniyar. Ya ce Hasna, yaushe kika fara musu?

Ina jin ya ga raina ya ɓaci, shi ya sa ya ce yana da tsaraba. An gama ɗakina. Malam Kalilu yana nan, sai ya kwance wayar daga jikin keken ya ba shi, ya ce ya hau da ni. Muka hau benen, Umma, wanda na yi wata da watanni ina mafarkinsa. Malam Kalilu yana haki yana cewa wannan gida na aljanu ne, mutum ɗaya me zai yi da ɗakuna haka. Ya tura ƙofa ya ɗaga wayar sama. An cire dandamalin, an share ƙasa. Inabin ya fito fari tas, kowane ganye da jijiyarsa, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kai. Ya fi yadda nake zato kyau.

Sai na jiyo muryar Abba daga ƙasa, tana zuwa da amsa-kuwwa. Yana tambaya wai kusurwar gabas ta haɗu? Wai ba a ga tabon inda aka tsaya ba? Ashe shi bai gani ba. Wasu ne suka ƙarasa, shi tun ranar da aka sauko da shi bai koma ba. Malam Kalilu ya leƙa ta saman benen don ya amsa masa, wayar ta kalli ƙasa. Na gan shi can a gindin matakala, shi kaɗai a tsakiyar zauren, ya ɗago kai, hannunsa ɗaya a kan abin dafawa. Na ce masa ta haɗu, Abba, ba a ganin komai. Ban ma san wace ce kusurwar gabas ba.

Umma, ba zan iya tayar da shi ba. Ba zan iya buɗe iyaka ba, ba zan iya sauke miki jini ba, ko gidan ƙasa ban san inda ake nema ba. Jiya na gwada dubawa a waya, duk wanda na gani sai an ce a kira wakili, ni kuwa ko tapau aka aike ni, wato sayo abinci a ƙunshe, sai na maimaita abin da zan ce tun daga gida. Abu ɗaya na sani: wata rana za a buɗe hanya, mota za ta sauke shi a gindin wancan rukunin, ya ɗaga kai yana neman tagarmu, ke kuma ki sauko da gudu da Hanan a kafaɗa, a nan ne za ki fara sani, gaban maƙwabta. In na yi shiru, ni na kai ku wannan ranar.

Wataƙila kuskure nake yi. Wataƙila ki karanta jininki ya hau, in zama ni ce sanadi, kuma babu babba a gidan sai ni. Wataƙila Abba ya daina kirana. Na saɓa alkawarin farko da ya taɓa nema a wajena, ban san da wane ido zan kalle shi ba, ko ta waya. Don Allah in kin kira shi kar ki fara da faɗa. Ya rame sosai. Ki bari ya ga Hanan, ke ma ki ce ya je gaban madubin ki gan shi.

Na tura wa Anti Hussaina saƙo na ce ta zo da wuri, ban gaya mata dalili ba, na ce dai kar ta yi sallama ta tsaya a ƙofa, ta shigo ciki. Na ga kin haɗiye maganinki da shayi. Yanzu kina ɗaki kina neman biro, kina tambaya wa ya ɗauke miki. Yana hannuna.

Na yi niyyar in tura su ta ƙarƙashin ƙofa in gudu banɗaki, amma ba zan yi haka ba. Zan haɗa ukun a ambulan ɗaya, in rubuta a bayansa ki zauna kafin ki buɗe. Zan karɓi Hanan, in sa miki a hannu, in tsaya a wajen har ki gama.

Allah ya ba Abba lafiya, ya ba ki juriya, ni kuma ku yafe mini ku duka biyun.

Ƴarku,
Hasna Mika'ilu